Filin Doka da Jama'a: Daga Caji Ofis Zuwa Gaban Alƙali

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan abu ɗaya suke, wato halin da mutum ke shiga tun daga ranar da ɗan sanda ya riƙe masa hannu har zuwa ranar da alƙali ya saurare shi, idan har an kai ga saurarensa. Mun zaɓi biyar daga ciki mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Amsoshin sun dogara ne a kan dokokin Nijeriya, kuma ba za su hana wanda ke da shari'a a gabansa ya zauna da lauya ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Lauya. Babban ɗana ya karɓi buhunan shinkafa bashi a wurin wani ɗan kasuwa, ciniki ya karye, sai ya bar gari don ya nemo kuɗin. Mai kayan ya zo da 'yan sanda, da ba su same shi ba suka tafi da ƙaninsa wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Kwana 4 ya yi a bayan kanta, sai da muka ba da kuɗi aka sake shi, kuma da na ce zan tsaya masa aka ce mace ba ta karɓar beli. Shin haka doka ta ce? Daga wata uwa a Haɗeja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Babu ko ɗaya daga cikin abubuwan da kika lissafa da doka ta amince da shi, kuma tun daga tushe aka kauce. Bashin shinkafa tsakanin 'yan kasuwa biyu saɓani ne na ciniki, kuma wurin warware shi kotu ce, inda mai kaya zai shigar da ƙara ya nemi a biya shi haƙƙinsa. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015, a sashe na 8, ta hana a kama mutum don kawai ya ci bashi ko ya saɓa yarjejeniya, sannan Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita wannan hani a sashe na 32. Inda 'yan sanda ke da ta cewa shi ne idan akwai alamar tun farko da niyyar damfara aka karɓi kayan, kamar a ce an yi amfani da sunan ƙarya ko takardar jabu. Masu bin bashi sun san da wannan ƙofa, shi ya sa idan sun je caji ofis ba sa cewa suna bin wane kuɗi, sai su ce ya ci amanarsu ko ya damfare su, kuma aikin jami'in da ya karɓi koken ne ya tantance kafin ya tura a ɗauko kowa.

Ko da a ce babban ɗan naki laifi ya aikata na gaske, ba a kama ƙani a madadin wa, ko uba a madadin ɗa, ko mata a madadin miji. Sashe na 7 na dokar 2015 da sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda sun haramta wannan ƙarara, kuma ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu, tunda Alƙur'ani ya riga ya ce wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Abin da aka yi wa yaron nan garkuwa ce da shi don a tilasta wa iyali su fito da wanda ake nema ko su biya kuɗin, kuma kasancewar masu kaki ne suka yi bai mayar da shi halal ba.

Game da kwana 4, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, idan kuwa babu, cikin kwana 2, sai fa idan kotu ce da kanta ta ga dacewar ƙarin lokaci. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne, kamar yadda ake rubutawa a bangon kusan kowane caji ofis, sau da yawa a saman kantar da ake ƙirga kuɗin belin. Ba a kiransa da sunansa, sai a ce kuɗin takarda da biro, ko kuɗin man motar da aka je kamu da ita, kuma ba a ba da rasit, wanda wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba aljihun gwamnati yake shiga ba. Maganar cewa mace ba ta tsaya wa mutum al'ada ce kawai ta ofis: sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi karɓar mai tsayawa don kasancewarta mace, kuma sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ke aiki a kowace jiha, ya hana nuna bambanci saboda jinsi.

Sashe na 35 ɗin nan ya ba wanda aka tsare ba bisa doka ba haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a, kuma ana iya haɗawa da ɗan kasuwar a cikin ƙarar idan shi ya ingiza aka yi kamun. Ina ganin wannan daidai ne, domin mu jama'a muna da kaso a wannan ɓarna. Mutumin da ke tsine wa 'yan sanda a majalisa da yamma, shi ne gobe zai sa hannu a aljihu don su ɗauko masa wanda yake bi kuɗi, ko ɗan hayan da ya ƙi tashi. Laifi tudu ne. Bashin dai yana nan a wuyan babban ɗanki, kuma shawarata ita ce ya dawo a zauna gaban shugabannin kasuwa a tsara yadda zai biya a rubuce.

Tambaya: Barista, barka da aiki. An kama yayana bisa zargin fashi da makami bayan wani da aka kama ya ambaci sunansa. Sau ɗaya aka kai shi kotun majistare, aka karanta takarda, alƙali ya ce ba shi da hurumi, ya tura shi gidan yari. Yau shekara 2 ke nan, duk lokacin da muka je sai a ce ana jiran shawara daga ma'aikatar shari'a. Idan kotun ba ta da hurumi me ya kai shi can, kuma wace kotu ce ke da shi? Daga wani matashi a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya kawo mafita. Tambayarka ta taɓa wurin da ya fi kowane wuri cinye rayuwar mutane a tsarin shari'armu, don haka zan ɗan tsawaita.

Kotunan da ke shari'ar laifuka hawa-hawa ne. A ƙasa akwai kotunan majistare, da kotunan shari'ar Musulunci a jihohin da ke da su, da kotunan yanki a wasu wurare, kuma dokar kowace jiha ce ke iyakance irin laifin da za su saurara da yawan ɗaurin da za su iya yankewa. Sama da su akwai Babbar Kotun Jiha, wadda ita ce ke shari'ar manyan laifuka irin su kisan kai da fashi da makami, waɗanda hukuncinsu ke iya kaiwa ga kisa. A gefenta akwai Babbar Kotun Tarayya, wadda ba ta fi ta jiha daraja ba, aikinsu ne ya bambanta: ita ke sauraren cin amanar ƙasa, da ta'addanci, da safarar miyagun ƙwayoyi, da buga kuɗin jabu, da fasa-ƙwauri. Daga waɗannan biyun ana zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda aƙalla alƙalai 3 ke zama, daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, inda aƙalla 5 ke zama, kuma daga hukuncinta sai afuwar gwamna ko ta shugaban ƙasa. Shari'ar yayanka ta Babbar Kotun Jiha ce.

Dalilin kai shi gaban majistare shi ne 'yan sanda ba su da ikon ci gaba da riƙe shi, alhali kuma ba su ne ke shigar da irin wannan tuhuma a Babbar Kotu ba, lauyoyin ma'aikatar shari'a ne ƙarƙashin Antoni Janar na jiha. Sai a bi ta tsakiya: a karanta rahoton farko na 'yan sanda a gaban majistare, ba a ma tambayi wanda ake zargi ko ya amsa laifi ba, ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe ya roƙi a ajiye shi a gidan gyaran hali har a samu shawara, a sa rana, a kira shari'a ta gaba. Duk abin ba ya wuce 'yan mintoci. Kotun Ƙoli ta yanke a 2007 cewa majistare na da ikon ba da irin wannan umarni na tsarewa, amma ba ta ce a jefa mutum a manta da shi ba.

Abin da ake jira shi ne mai binciken ya kammala fayil, ya kwafe shi, ya aika da shi ma'aikatar shari'a, wani lauyan gwamnati ya karanta ya rubuta ko akwai hujjar da ta isa a gurfanar da mutumin ko a sallame shi. A nan ake yin asarar shekaru. Wani fayil ba ya ma barin caji ofis domin babu wanda ya biya kuɗin kwafi, wani kuma an yi wa mai bincikensa canjin wurin aiki ya bar shi a cikin durowa, wani ya isa ma'aikatar ya shiga layi a kan teburin lauyan da ke da ɗaruruwan irinsa. Shi ya sa kusan kashi 2 bisa 3 na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba waɗanda aka yanke wa hukunci ba. A 2012 Kotun ECOWAS ta samu Nijeriya da laifin tauye haƙƙin wani mutum da aka tsare a Legas tun 2003 a kan irin wannan umarni ba tare da an yi masa shari'a ba.

Dokar 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami. Sassa na 293 zuwa 296 sun ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, ana iya sabunta shi da wasu 14 idan an kawo dalili a rubuce, bayan nan kotu ta kira Antoni Janar da shugabannin 'yan sanda su faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin, idan kuma har wa'adin ƙarshe ya cika ba su kawo ba, a sallame shi. Sashe na 376 ya ba Antoni Janar kwana 14 daga karɓar fayil ya fitar da shawara. Wannan doka a Abuja da kotunan tarayya take aiki kai tsaye, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, kuma ko da adadin kwanakin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, babu wadda ta yarda da tsarewar da ba ta da wa'adi.

Saboda haka ku daina karɓar amsar "ana jira" da baki. Ku je wurin magatakardan kotun majistaren ku karɓi lambar shari'ar da ranar da aka ba da umarnin ƙarshe, sannan ku bincika a ma'aikatar shari'a ko fayil ɗin ya iso, da ranar da ya iso, domin sai an san inda ya maƙale ake sanin wanda za a rubuta wa. Idan ba ku da halin ɗaukar lauya, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofis a babban birnin kowace jiha. Lauya zai iya neman beli a Babbar Kotu: belin laifin da ke da hukuncin kisa yana da wuya, amma sashe na 161 na dokar tarayya ya lissafa jinkirin da ya wuce shekara 1 a cikin dalilan da ke iya sa a bayar. Haka nan ku rubuta wa Babban Jojin jiha, wanda doka ta ba ikon ziyartar gidajen yari ya saki waɗanda tsarewarsu ta saɓa ƙa'ida, domin sunan da aka riga aka kai gabansa a rubuce shi ake fara dubawa ranar ziyara.

Tambaya: Ni direba ne mai jigila tsakanin Kano da Abuja. A wani shingen bincike wani jami'i ya karɓe wayata yana duba saƙonnina, da na yi magana ya mare ni, kuma sai da na tura kuɗi ta wurin wani mai POS da ke gefen hanya aka ba ni makullina. Ina zan kai kuka, kuma ana hukunta ɗan sanda kuwa a ƙasar nan? Daga wani direba a Kano.

Amsa: Malam, ana hukuntawa, sai dai ba kullum ba, kuma ba da sauƙi ba. Ɗan sanda na da ikon tsayar da kai ya duba takardun mota, ya kuma caje ta idan yana da dalilin zargi mai ma'ana. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta fayyace cewa shekarun mutum, ko askinsa, ko irin tufafinsa ba sa zama dalilin zargi. Saƙonnin waya kuwa sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrinsu, kuma shugabannin rundunar da kansu sun sha sanar da cewa an hana jami'ai binciken wayoyin mutane a kan hanya. Mari cin zarafi ne, tilasta maka tura kuɗi kuma ƙwace ne.

Ƙofa mafi kusa ita ce ta cikin gida, wato DPO na yankin, ko kwamishinan 'yan sandan jiha, ko Sashen Karɓar Koke-koke da aka buɗe a 2015 a zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, wanda dokar 2020 ta ba gindin zama. Wannan hanya tana da sauri idan ta yi aiki, kuma an sha ganin an mayar wa mutane kuɗinsu an rage wa jami'i girma ko an kore shi, amma wanzami ba ya son jarfa, don haka ban ba ka shawarar ka tsaya a nan kaɗai ba. A wajen rundunar akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wadda tsarin mulki ya ba ikon ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa da korar kowane ɗan sanda ban da Sufeto Janar. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995 aka ƙara mata ƙarfi a gyaran 2010 har tana iya ba da umarnin biyan diyya. Sai Babbar Kotu, wadda sashe na 46 na tsarin mulki ya ba kowa damar zuwa kai tsaye idan an tauye masa haƙƙi. Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce samun hukuncin diyya ya fi karɓar kuɗin sauƙi, domin wata tsohuwar doka ta sharɗanta izinin Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Duk ƙofar da ka zaɓa, abin da ke rayar da koke shi ne takamaiman bayani. Takardar da ta ce "wasu 'yan sanda a hanyar Abuja" ba ta zuwa ko'ina. Wadda ta ce ranar kaza, ƙarfe kaza, a daidai gari kaza, ga sunan da ke ƙirjin rigarsa, ga lambar motar sintiri, ga fasinjoji biyu da suka yarda su ba da shaida, ita ce ake rasa yadda za a yi da ita. Kai ma kana da abin da mutane da yawa ba su da shi: saƙon banki da ke nuna lokaci da adadi da sunan asusun da kuɗin ya shiga. Kada ka goge shi. Ka ajiye kwafin takardar kokenka wanda aka buga wa hatimin karɓa, kuma idan marin ya bar rauni ka samu takardar asibiti.

Misalai biyu za su nuna maka iyakar abin. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka kashe matasa 6 a Abuja, yawancinsu 'yan kasuwar kayan gyaran mota na Apo, aka ce 'yan fashi ne, sai kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya gano ba haka ba ne. Ba a yanke hukunci ba sai a watan Maris na 2017, inda aka yanke wa jami'ai 2 hukuncin kisa aka sallami 3. A Legas kuma, jami'in da ya harbe wata lauya ranar 25 ga Disambar 2022 an yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoban 2023, ƙasa da shekara guda, kuma ƙungiyar lauyoyi ba ta ɗauke ido daga shari'ar ba tun daga farko har ƙarshe. Ƙungiyarku ta direbobi za ta iya yin irin wannan tsayuwa a kan shingen da 'ya'yanta suka daɗe suna kuka da shi, kuma koken da ya zo da sa hannun mutum 20 ya fi na mutum ɗaya nauyi.

Tambaya: Ni ɗan sanda ne, na kai muƙamin sufeto. Kullum mu kuke zagi, amma ba ku faɗin cewa mu ke sayen takarda da man mota, wani lokaci har abincin wanda aka tsare. Ɓarawo ba ya amsa laifi da lalama, kuma idan oga ya ba da umarni ba ka da ikon ƙi. Ku riƙa yi mana adalci. Daga wani jami'i da ya nemi a sakaya inda yake aiki.

Amsa: Yallaɓai, na gode da ka rubuto, kuma rabin maganarka ba ni da ja a kai. Caji ofis ɗin da ba a ba shi kuɗin gudanarwa da ya isa ba, dole wani ya biya, kuma wanda ke biya shi ne mai kawo ƙara ko iyalin wanda aka kama, wanda hakan ke mayar da adalci hajar mai kuɗi. Gwamnati ta amsa wannan da kanta lokacin da ta kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019, kuma ko masu zanga-zangar Oktoban 2020, wadda ta sa aka rusa rundunar SARS mai yaƙi da 'yan fashi ranar 11 ga watan, sun sa ƙarin albashin 'yan sanda a cikin buƙatunsu 5. Duk wanda ke neman gyaran aikinku bai yi maganar bariki da fansho da kayan bincike ba, bai gama magana ba.

Sauran rabin kuwa ba zan bi ka ba. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga wanda ya gana wa mutum azaba don ya amsa laifi, ta kuma ce umarnin na gaba ba ya zama kariya, kamar yadda shi ma na gaban da ya ba da umarnin ko ya kau da kai ba ya tsira. Ranar da abin ya ɓaci, ogan da ya faɗa maka da baki ba zai sa hannu a takarda cewa shi ya ce ba, kuma sunanka ne ke cikin rajistar ofis a matsayin mai bincike.

Ko ta fuskar aiki ma, duka ba ya kama ɓarawo, yana samar da takarda ne kawai. Sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar matsi, kuma da zarar wanda ake tuhuma ya ce tilasta masa aka yi, sai a dakatar da shari'ar a buɗe wata ƙarama a cikinta, inda mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar da cewa da yardarsa ya yi magana. Idan ikirarin ya faɗi, kuma ba a nemi wata hujja ba saboda an dogara da shi, mai laifin gaske sai ya fita ta ƙofar gaba, wanda ba shi da laifi kuma da ya amsa don ya tsira da ransa ya riga ya yi shekaru a ɗaure. Mun sha ganin bayanin da aka rubuta da Turancin da mutumin da ya dangwala yatsa a ƙasansa bai taɓa ji ba, alhali doka ta ce a samo tafinta a karanta masa da harshen da yake fahimta, a ɗauki bayanin a gaban lauyansa ko wani da ya zaɓa, kuma ta buɗe ƙofar ɗaukarsa a bidiyo, abin da wayar da ke aljihunka za ta iya yi. Wannan tanadi yana kare ka kamar yadda yake kare shi, domin jami'in da ya ɗauki bidiyo babu mai yi masa ƙazafin duka. Haka ziyarar da doka ta ɗora wa majistare ya riƙa kai wa caji ofis kowane wata don ya duba waɗanda ke tsare: DPO mai gaskiya shi ya fi kowa amfana da ita, tunda tana ba shi abin da zai faɗa wa mai kuɗin da ke matsa masa ya ci gaba da riƙe wani.

Tambaya: Assalamu alaikum. An yanke wa ɗana ɗaurin wata 18 a kotun shari'ar Musulunci bisa zargin satar waya, kuma ba shi da lauya. Ɗan maƙwabcina da aka yi wa irin wannan zargi kotun majistare aka kai shi. Wa ke zaɓen kotu, kuma za mu iya ɗaukaka ƙara? Daga wani dattijo a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. A jihohi irin taku dokokin laifuka biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Akwai kundin Final Kod da ya fara aiki a Arewa a 1960, wanda aka tsara a kan na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya, kuma da shi ko da wanda jiha ta sabunta kotunan majistare da Babbar Kotu ke aiki. Akwai kuma kundin laifuka na shari'ar Musulunci, wanda Zamfara ta fara aiki da shi a watan Janairun 2000 kafin wasu jihohi 11 su bi sahu, kuma Musulmi yake hawa. A aikace, mai shigar da tuhuma ne ke zaɓen inda zai kai ta, wato galibi 'yan sanda, shi ya sa yara biyu masu zargi iri ɗaya kan tsinci kansu a kotuna daban-daban. Ni a ganina wannan zaɓi ya yi nauyi a bar shi a hannun mai gabatar da ƙara ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ba.

Kowace kotu aka je, sashe na 36 na tsarin mulki yana bin mutum: ana ɗaukarsa mara laifi har sai an tabbatar, a ba shi lokacin shirya kariya, a bar shi ya ɗauki lauya, ya yi wa shaidu tambayoyi, ya kuma kawo nasa. Rashin lauya kaɗai ba ya rusa hukunci a ƙaramin laifi, amma idan an hana shi nema, ko ba a ba shi damar kare kansa ba, ko an dogara da ikirarin da ya janye, waɗannan dalilai ne masu ƙarfi.

Daga ƙaramar kotun shari'a ana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a. Matakin da ke biye ne ake da saɓani a kansa, domin sashe na 277 na tsarin mulki ya ambaci al'amuran aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara ne a matsayin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, duk da cewa irin wannan kotu ce ta soke hukuncin jifa a Sakkwato a 2002 da Katsina a 2003. A Kano an ga ƙararrakin laifi daga babbar kotun shari'a suna tafiya Babbar Kotun Jiha, don haka lauyan da ke aiki a jiharku ne zai faɗa muku ƙofar da ake bi a can.

Abin gaggawa shi ne lokaci. Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne daga ranar hukunci. Ku nemi kwafin hukuncin a wurin magatakarda, wanda tsarin mulki ya ce a ba wanda aka yi wa shari'a cikin kwana 7, ku kai wa lauya ko ofishin agajin lauyoyi da ke Gusau. Idan kwana 30 sun riga sun wuce, ana iya roƙon kotu ta ƙara lokaci muddin an bayyana dalilin jinkirin, kuma a tare da takardar ɗaukaka ƙarar ana iya neman belinsa, domin ɗaurin wata 18 yana iya ƙarewa kafin a saurari ƙarar.